Lambatun unguwa da asusun birnin Yamai: ina kuka ke zuwa, ina kuɗi ke shiga?

Duk mai sauraren gidajen rediyo masu zaman kansu na Yamai a watan Agusta ya san yadda shirin kiran waya yake komawa zauren kai ƙara. Wannan ya kira daga Talaje ya ce ruwa ya kwanta a layinsu har yara sun daina fita. Wancan daga Bukoki ya ce lambatu ya cika da leda da yashi tun bara. Wata daga Lazare ta ce juji ya cinye rabin hanya. Mai gabatarwa ya ce muna kira ga hukumomi da su duba, a sa kiɗa, a wuce. Damina ta ɗauke, ƙasa ta bushe, maganar ma ta bushe. Baɗi war haka sai a sake jin muryoyin nan, daga unguwannin nan, a kan lambatun nan.

Ni a ganina ba ƙarancin kuka ne ke damunmu ba. Mutanen Yamai ba su da nauyin baki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar ita ce kuka yana bin hanyarsa daban, kuɗin gari suna bin tasu daban, babu mai haɗa su. Yashe lambatu aiki ne da ke cin gazuwal da hayar mota da ladan leburori. In ba a rubuta kuɗinsa a kasafin gari ba, ko an rubuta amma kuɗin ba su shigo ba, ko sun shigo albashi ya lashe su, to ko wayar wa aka buga, lambatu yana nan yadda yake. Mai son a gyara masa layi dole ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma san takardar da zai nema in an buɗe.

Maganar ƙofa ba ta da wuya, amma nan ake fara ɓata. Ba kowace matsalar unguwa ce ta ma'aikatar magajin gari ba. Wayar lantarki ta tsinke, ko taransifoma ta ƙone, wannan na Nigelec ne. Bututun ruwa ya fashe yana malala a titi, na NDE ne, kamfanin da ya gaji SEEN a farkon 2024. In kuwa unguwa ce gaba ɗaya ba a kai mata bututu ba, maganar ta fi kusa da SPEN, mai riƙe da manyan kayan ruwa na ƙasa. Manyan hanyoyin mota da suka fita daga birni zuwa Doso ko Tilaberi ko Filinge, gwamnatin tsakiya ce ke da alhakinsu. Gobara ko ruftawar gini, a buga 18. Abin da ya rage a wuyan birni shi ne shara, lambatu, layukan cikin unguwa, fitilun titi, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, izinin gini, dabbobi masu yawo, da takardun haihuwa da aure da mutuwa. A watan Janairun 2016 gwamnati ta ƙara miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Aikin ya riga kuɗinsa isowa, magadan gari kuma sun daɗe suna faɗin haka.

Akwai wani abu da ke ruɗar ido. Mutum ya bi ta gadar sama ta Mali Bero ko ta Diori Hamani, ya ga otal-otal da titunan da aka yi gabanin taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, ya ga gada ta uku a kan kogin Isa, sai ya ce lalle birnin nan yana da kuɗi, mugunta ce kawai ta hana a zuba laterit a layinmu. Waɗannan manyan ayyuka ba daga asusun birni suka fito ba. Na gwamnatin tsakiya ne, da basussuka, da masu zuba jari, yawancinsu a ƙarƙashin shirin Niamey Nyala na zamanin Mahamadou Issoufou. Sai dai da zarar an yanke ƙyalle, sharar titin da kuɗin wutar fitilunsa sukan dawo kan birni. Wato wani lokaci sabon titi ƙarin nauyi ne ga asusun da ya kasa ɗaukar tsohon.

Sai kuma tsarin birnin kansa. Zaɓen ƙananan hukumomi na farko da aka kafa majalisunsa a duk faɗin ƙasa an yi shi ne a watan Yulin 2004. A lokacin Yamai haɗaka ce ta ƙananan hukumomi biyar, kowace da asusunta. Ranar 17 ga Satumba 2010 aka sa hannu kan babban kundin dokokin ƙananan hukumomi, doka mai lamba 2010-54, tare da wasu dokoki da suka mai da Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram birane masu matsayi na musamman. Aka raba su da'ira-da'ira: Yamai biyar, Damagaram biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne da'ira reshe ce ta birni, ba hukuma ce mai cin gashin kanta ba. Tana ba da takardar haihuwa, tana ɗaura aure, tana sa ido kan tsabta, amma babban asusu yana hedikwatar birni, ita kuma sai abin da aka yanka mata. Mutumin Harobanda da ya je ofishin da'ira ta biyar ya ɗaga murya a kan madatsar ruwa, bai yi kuskuren zuwa ba, amma wanda yake yi wa faɗan shi ma roƙo zai je yi a tsallaken kogi. In ma'aikacin da'ira ya ce maka ba mu da hali, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Tambayar da ta dace a yi masa ita ce: kun aika maganar sama? Yaushe? Da wace lamba?

Mai unguwa kuma fa? Shi ne ƙofar farko ta al'ada, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Ya san wanda ya toshe hanyar ruwa da katanga, ya san gidan da ke sako ruwan wanka a titi, kuma irin wannan rigimar ta maƙwabta a zaurensa ta fi saurin mutuwa. Amma ba shi da tifa ba shi da katafila. Yana da hannu a tattara harajin unguwa, yana da kaso a ciki, ba shi da hannu a yadda za a kashe.

To daga ina kuɗin birni suke fitowa? A nan ya kamata a ɗan zauna, domin kowace hanya tana da irin nata yoyon.

Hanya ta farko ita ce abin da birni ke karɓa da hannunsa. Akwai lanhon da ake ɗora wa kowane baligi mazaunin birni, wanda takardu ke kira taxe de voirie. A karkara takwaransa shi ne taxe municipale. Akwai tikitin kasuwa da ake yanka wa mai tebur da mai tallan kayan miya a Katako da Wadata da sauran kasuwanni. Akwai na tashar mota, na tasi da faba-faba, na mayanka, na kasuwar dabbobi, na allunan talla, na rumfar da aka kafa a gefen titi, da kuɗin tambarin da ake mannawa a takardu. Kuɗi ne ƙanana masu yawan gaske, dala ashirin nan, dala hamsin can, a hannun mutane da yawa, kuma tsaba. Duk inda tsabar kuɗi ta bi ta hannu goma kafin ta kai asusu, ba sai an yi bincike ba kafin a san tana raguwa a hanya. Ɗan kasuwar da ya yarda ya ba da rabin kuɗin tikiti ba tare da an yanka masa takarda ba, yana ganin ya ci riba. Shi da mai karɓar sun raba kuɗin yashe lambatun da ke bayan rumfarsa ne.

Hanya ta biyu ta fi tsoka, ta kuma fi nisa da idon talaka. Haraji ne da hukumar haraji ta ƙasa, DGI, ke karɓa, sannan a mayar wa birni kasonsa: harajin sana'a da har yanzu ƴan kasuwa ke kira fatanti, harajin dunƙule na ƙananan ƴan kasuwa, harajin gidaje da gine-gine. Kuɗin sukan fara shiga baitulmalin gwamnati. Daga nan sai jira. In gwamnati tana cikin matsi, kamar yadda ta shiga bayan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba a 2023, kason ƙananan hukumomi ba shi ne a gaban layi ba. Birni yana iya zama mai kuɗi a takarda, asusunsa kuwa fayau.

Akwai kuma wani ɗan haraji da kusan kowane mai mita ke biya ba tare da ya sani ba. A takardar kuɗin wuta ta Nigelec akwai harajin lantarki na musamman, wanda aka tanada don ƙananan hukumomi su faɗaɗa wayoyi da haskaka tituna. Duk unguwar da ke biyan wuta wata-wata amma layukanta duhu ne da dare, tana da hurumin tambayar nawa wannan harajin ya tara bara, kuma a ina aka kafa turakun.

Hanya ta uku tallafi ne daga sama da daga waje. Hukumar ANFICT, wadda dokar 2008 ta kafa, ita ke raba kuɗin tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi, ta asusun tallafa wa tsarin da kuma asusun daidaita tsakanin masu hali da marasa hali. Dokokin ma'adinai da na man fetur sun ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗin shiga ga hukumomin yankunan da ake haƙo su, abin da ya shafi Agadas da Difa fiye da Yamai. Sai ayyukan masu ba da agaji, waɗanda sukan zo da kuɗinsu da ma'aikatansu da motocinsu, su yi shekara biyar su tafi.

Ta huɗu ita ce fili. Wannan ita ce hanyar da ta fi cutar da Yamai, kuma ita ce ta fi daɗi ga duk wanda ke kan kujera. A yanka daji, a buga turaku, a sayar da fulotai, kuɗi su shigo nan take. Bisa ƙa'ida kuɗin fili na gyaran filin ne: a fitar da hanya, a haƙa magudanar ruwa, a kai ruwa da wuta. A aikace an sha cinye su a hidimar yau da kullum. A farkon shekarun 2000 ma gwamnati da kanta ta biya ma'aikata bashin albashinsu da fulotai. Ƙidayar 2012 ta sami mutane sama da miliyan ɗaya a Yamai, kuma tun daga lokacin birnin bai daina miƙewa ba. Sabbin unguwannin da ke kuka da ruwa yau, da yawansu an sayar da su ne ba tare da lambatu ko ɗaya ba. Mai gida ya biya kuɗin lambatun tun ranar da ya sayi fili. Abin da yake nema yanzu biya na biyu ne daga asusun da bai ajiye na farko ba.

Yanzu takardu. Mutane sukan ce a nuna mana kasafin kuɗi, kamar shi ne ƙarshen magana. Kasafi niyya ce kawai. Jerin abin da ake fatan samu ne da abin da ake fatan yi, kuma an saba kumbura ɓangaren samu domin kowa ya ga aikinsa a rubuce. Takardar da ke faɗin gaskiya ita ce wadda ake fitarwa bayan shekara ta ƙare, sunanta compte administratif. A cikinta shugaban birni, wanda shi ke ba da umarnin kashe kuɗi, yake nuna layi-layi abin da aka tsara da abin da aka yi. Tana da abokiyar tafiya, compte de gestion, ta ma'ajin birni, wanda shi kaɗai ke da ikon karɓa da biya. Doka ta raba waɗannan mutum biyu da gangan: mai umarni ba ya taɓa kuɗi, mai taɓa kuɗi ba ya umarni. Jimillar takardun biyu dole ta zo daidai. In ta saɓa, akwai magana.

Ga misali, da alƙaluman da na ƙirƙira don bayani kawai. A ce kasafi ya ware miliyan 100 na sefa don yashe lambatu. Takardar ƙarshen shekara ta nuna an kashe miliyan 20. Ba lalle a ce an sace miliyan 80 ba; mai yiwuwa ba su taɓa shigowa ba. Sai a juya shafin kuɗin shiga. In an yi hasashen samun wani adadi aka sami rabinsa, to an san inda gizo yake saƙa. Daga nan sai a duba waɗanne layuka ne aka biya cif-cif duk da ƙarancin. Galibi za a tarar albashi da man motoci da kuɗin zama da tafiye-tafiye sun sami kusan dukkan nasu, lambatu da makaranta su ne suka ɗauki asarar. Wannan ba sata ba ce a idon kotu. Zaɓi ne, kuma a kan zaɓi ake tuhumar shugaba. Na fi ganin amfanin wannan tambayar a kan ihun ɓarawo, domin ihun ɓarawo ana iya musanta shi da rantsuwa, layin takarda kuwa da hannunsa ya sa masa hannu.

Kasafin ƙaramar hukuma kashi biyu ne: na gudanarwa da na ayyukan raya gari. Kundin 2010 ya ce aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a tura su ɓangaren ayyuka. A kasafin farkon shekara wannan kason yakan bayyana tsaf, don in babu shi gwamna, wanda ke duba halaccin takardun birni, yana iya mayar da kasafin. A takardar ƙarshen shekara ake gane ko an tura ɗin da gaske. Wanda bai da lokacin karanta shafi ɗari, ya nemi wannan layin guda. Sannan ya nemi layin basussukan da ba a biya ba, na ƴan kwangila da na Nigelec da na ma'aikatan shara, domin birnin da ake bin sa bashi mai yawa, kasafinsa na baɗi an riga an ci shi tun bana.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Shekarar kuɗi tana farawa a Janairu, ana shirya kasafinta a watannin ƙarshe na shekarar da ta gabata, ana ɗebo ayyukan daga tsarin raya gari na shekaru da kuma jadawalin ayyuka na shekara. Ruwan Yamai kuwa daga Yuni ne zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Lambatun da ake so ya ɗauki ruwan Agusta, a Mayu ake yashe shi. Kuɗin yashe shi a Mayu, tun Oktoba ko Nuwamban bara ake rubuta su. Mu kuwa a Agusta muke kuka, lokacin da babu abin da za a iya sai kawo injin zuƙe ruwa da buhunan yashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hotunan da aka ɗauka a Agusta, amfaninsu na gaske a Oktoba yake, in an haɗa su da wasiƙa aka kai lokacin da ake rabon layukan kasafi.

Ya kamata kuma a bambanta ruwan sama da ruwan kogi. Ambaliyar Satumban 2020, da madatsa ta ɓalle ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, ta kogi ce, daga jan ruwan da rassa irin su Sirba ke kawowa. Wannan ya fi ƙarfin asusun birni. Amma ruwan da ke kwanciya a tsakiyar unguwa mai nisa da kogi bayan ruwan awa biyu, na lambatu ne da leda da gini a kan hanyar ruwa. An haramta ledar nan tun dokar 2014, ga ta nan har gobe a kowace magudana. In aka cakuɗa biyun, sai hukuma ta fake da ikon Allah a kan abin da shebur zai iya.

A da, mai kuka yana da wani makami: kansila. Majalisar birni tana zama a bainar jama'a, ita ke amincewa da kasafi, ita ke duba takardar ƙarshen shekara, kuma kansilan da ya yi barci ana iya jiran sa a akwatin zaɓe. Gaskiya makamin bai taɓa yin kaifi sosai a Yamai ba. An zaɓi Oumarou Dogari a 2011, gwamnati ta tsige shi a 2013. Assane Seydou da ya gaje shi, an tsige shi a 2017, aka rushe majalisar, aka naɗa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Zaɓen da ya kamata a yi a 2016 aka yi ta ɗaga shi har 13 ga Disamba 2020, Dogari ya dawo a 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a watan Afrilun 2024 hukumomin mulkin soja na CNSP suka rushe dukkan majalisun birane da na ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi, aka ba Kanal Boubacar Soumana Garanké riƙon birnin Yamai.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗi. Masu goyon baya suna cewa kantoma ba ya bin jam'iyya bashi, ba ya raba kwangila don sayen ƙuri'ar kansiloli, in ya ce a rushe rumfar da ta toshe lambatu ana rushewa. Akwai gaskiya a ciki. Amma ta fuskar bin diddigin kuɗi, abin da ya canza a fili yake: wanda ke tsara kasafi da wanda ke kashewa sun matso kusa da juna, zaɓaɓɓun da ke tsakani sun tafi. Kantoma sama yake kallo, can aka naɗa shi, can za a cire shi. Binciken da ya rage na sama ne: gwamna, sufetocin ma'aikatar cikin gida, da hukumar COLDEFF da aka kafa a 2023 don bin dukiyar ƙasa. Waɗannan sukan zo ne bayan ɓarna ta auku. Ba aikinsu ba ne su tambayi me ya sa aka fifita shataletalen tsakiyar gari a kan lambatun Banifandu. Wannan tambayar in mazauna ba su yi ta ba, babu mai yin ta.

Mazauna kuwa suna da madogara. Kundin ƙananan hukumomi ya ba mazaunin gari damar neman ganin kasafi da lissafin hukumarsa, kuma dokar watan Fabrairun 2011 kan samun bayanan gwamnati ta ƙarfafa wannan. Kada a ɗauka da an je za a miƙo. Za a ce mai makullin ya fita, za a ce a dawo jibi, za a tambaye ka kai wane ne. Shi ya sa nema da baki ba ya wadatarwa, kuma mutum ɗaya ya fi saurin gajiya. Takardun duk da Faransanci suke, amma babu unguwar da ta rasa malamin makaranta mai ritaya ko tsohon akawu da zai zauna ya warware su ga jama'a da Hausa da Zabarmanci bayan sallar la'asar.

Wasiƙar kuka ita ma tana da ƙa'ida. Matsala ɗaya a takarda ɗaya. In aka haɗa shara da wuta da rashin aikin yi na matasa, kowane ofishi zai ce na wancan ne. A faɗi wurin yadda baƙo zai gane shi, tunda yawancin layukanmu ba a san su da suna ba: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu daga famfo. A faɗi tun yaushe, gida nawa abin ya shafa, a haɗa hoto. A faɗi abin da ake nema takamaimai, kuma in unguwa za ta ba da hannu, misali matasa su yashe in birni ya turo motar kwashewa, a rubuta; buƙatar da ta zo da rabin maganinta ta fi saurin samun sa hannu. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, shugabar ƙungiyar mata ta sa. A yi kwafi biyu, a kai ofishin karɓar wasiƙu na da'ira, a tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata da lamba a kan kwafin da za a koma da shi gida. A kai wani hedikwatar birni. Wannan lambar ita ce za a riƙa ambata a wasiƙa ta biyu da ta uku, ita ce kuma za a karanta a rediyo in an kira: mun rubuta ranar kaza, lamba kaza, ba amsa. Jami'in da ya ji haka ya san akwai fayil da sunan ofishinsa a kai.

Game da Facebook da WhatsApp, a yi hattara. Hoton juji a shafin sada zumunta yakan sa a turo mota cikin kwana biyu, abin da wasiƙa ba ta yi a wata biyu ba. Ba na musun haka. Amma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an sake tsaurara ta a watan Yunin 2024, aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da aka ɗauka zai tada hankalin jama'a. A nuna ramin, a faɗi inda yake, a faɗi ranar da aka kai wasiƙa. Kiran wani ɓarawo da suna ba tare da takarda a hannu ba, yana iya kai mai wayar gidan kaso, ramin kuma yana nan.

In Allah ya sa an fara aiki, ba a gama ba tukuna. Kowane aikin gwamnati ya kamata a kafa masa allo mai nuna mai aikin, mai ba da kuɗin, ɗan kwangila da wa'adin gamawa. A ɗauki hoton allon ranar farko, kafin rana ta cinye rubutun. Sanarwar neman ƴan kwangila tana fitowa a jarida, har da Le Sahel ta gwamnati, a nan ake ganin tsawon lambatun da aka yi alkawari. Magina da birkiloli suna cikin kowace unguwa, sun san siminti in an yi masa rowa. Kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe akwai ranar karɓar aiki, kuma akan riƙe wani kaso na kuɗinsa har wa'adin garanti ya cika. Tsagewar da aka nuna a rubuce kafin wannan wa'adi, shi zai gyara da kuɗinsa. Wadda aka nuna bayan nan, ta koma layin jiran kasafin wata shekara.

Saura tsohuwar gardama: ba ma biya don ba ma ganin aiki, ba ma aiki don ba ku biya. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya yana dukan ɗayan da ita. Abin lura shi ne mun iya tashi in za a karɓa daga hannunmu. Dokar kasafin ƙasa ta 2018, wadda ta zo da sababbin haraji ciki har da na mazauni, ta fitar da dubban mutane kan titunan Yamai, har aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris na shekarar. Kuɗin da aka riga aka karɓa kuwa, tikitin jiya da fatantin bara da kuɗin filin shekara goma da suka wuce, ba kasafai ake cika ɗaki ɗaya don jin inda suka shiga ba. Ƴan kasuwa su ne suka fi kowa ƙarfi a nan, don suna da ƙungiyoyi, kuma rasit yana hannunsu. Kasuwar da ta ƙirga teburanta, ta ninka da kuɗin tikitin rana, ta ninka da ranakun ci a shekara, ta riga ta san abin da ya kamata ya bayyana da sunanta a shafin kuɗin shiga. Ta je da wannan lissafin, ta nemi a buɗe mata shafin a gaban shugabanninta, a ajiye alƙaluman biyu gefe da gefe, sannan a yi maganar ban-ɗakin kasuwa da motar kwasar shara.